Tumbuɗin Bakwaini Mai Raunin Huhu: A Yi Hattara da Maganin Tsamin Ciki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina, da kuma na gida waɗanda muke aika wa magunguna ta hannun masu Umara, a kan jariran da aka haifa bakwaini, musamman waɗanda suka daɗe a kwalba har aka sallamo su da raunin huhu. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin bakwaini na wani asibiti a Jidda kafin in ajiye aiki, kuma har yau idan an sallamo irin wannan jariri a unguwa akan aiko a kira ni. Abin da ya fi tayar wa iyaye hankali a makonnin farko shi ne tumbuɗi, kuma ra'ayina a kai, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa, shi ne cewa a mafi yawan gidaje tumbuɗin bai kai abubuwan da ake yi domin tsayar da shi cutarwa ba.

Sai an fahimci halin da huhun yaron yake ciki kafin maganar ta zauna. Ciki yakan kai mako 40, kuma likitoci suna lissafa duk wanda ya zo kafin cikar mako 37 a matsayin bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin lokacinsu, wato kusan ɗaya cikin kowane goma. Yawancinsu ba sa samun matsalar huhu mai daɗewa. Waɗanda abin ya fi shafa su ne na mako 28 zuwa ƙasa, domin suna zuwa ne da huhun da bai gama fitar da 'yan jakunkunan iskar da jini ke ɗaukar oksijin daga cikinsu ba, kuma bai fara samar da isasshen sinadarin da ke hana jakunkunan mannewa ba. Na'urar numfashi da iskar oksijin su ne sanadin tsirar irin wannan jariri da yardar Allah, amma kuma su ɗin ne, tare da kumburi da ƙwayoyin cuta, suke yi wa ɗanyen huhun rauni suna rage masa saurin girma. Dakta William Northway da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka ne suka fara bayyana wannan ciwo a 1967, kuma shi ne ake rubutawa BPD a takardar sallama. A yau akan ce jariri yana da shi idan ya kai lokacin da cikinsa zai cika mako 36 yana nan bai rabu da oksijin ko na'urar taimakon numfashi ba.

Abin da nake so kowace uwa ta riƙe game da wannan ciwo shi ne huhun yaro yana ci gaba da fitar da sababbin jakunkunan iska a shekarunsa na farko, don haka babban maganin raunin shi ne yaron ya girma. Sai dai yaro mai raunin huhu yana ƙona ƙarfi mai yawa wajen numfashi kawai, yana saurin gajiya a bakin nono, ga shi kuma yana bukatar abinci fiye da takwaransa mai lafiya. Saboda haka duk dabarar da za ta rage abin da ke shiga cikinsa, komai kyawun niyyar mai yinta, huhun ne zai biya.

Shi kuwa tumbuɗi, ga yadda yake faruwa. A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wani zoben tsoka da ke buɗewa abinci ya wuce, sannan ya rufe. Zoben yakan saki da kansa lokaci zuwa lokaci domin iska ta fita, abin da ke kawo gyatsa, kuma a jikin jariri idan ya saki nono ma yakan biyo. Dalilan a bayyane suke: abincinsa ruwa ne zalla, hanyar abincinsa gajera ce, kwance yake wuni, kuma yawan abin da yake sha ya wuce yadda ake tsammani. Bakwaini yakan sha kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, wanda idan aka auna da babban mutum mai kilo 70 ya haura lita 10. Cikinsa tamkar salka ce da aka cika taf, ba a ɗaure bakinta tamau ba, aka kuma kwantar da ita. Wani bincike da aka yi a Sifaniya aka wallafa a 2006 ya auna bakwainin da ba su da wata damuwa, ya samu cewa abin cikinsu yana hawowa hanyar abinci kusan sau 70 a cikin awa 24, galibi ba tare da ya kai baki ba, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na hawowar yake da tsami sosai, domin nonon da ake sha a kai a kai yana kashe kaifin ruwan ciki. A nan tsofaffinmu suna da gaskiya da suke cewa tumbuɗi ba ciwo ba ne, ƙoshi ne. Yakan fi yawa wajen wata huɗu, ya ragu idan yaro ya fara zama, kuma mafi yawan yara suna rabuwa da shi kafin ko jim kaɗan bayan cika shekara. Ga bakwaini ana yin wannan lissafi ne daga ranar da ya kamata a haife shi, don haka wanda ya zo da saura wata uku, idan ya yi wata shida a duniya ɗan wata uku ne a wajen hanjinsa da huhunsa.

Yaro mai raunin huhu yana da ƙarin dalilai a kan waɗannan. Jan numfashi da ƙarfi yana janyo abin ciki zuwa sama, tari yana matsa tumbi, na'urar da ke hura iska ta hanci, wadda ake kira CPAP, tana cika ciki da iska, robar abinci kuma da ake zura wa ta hanci tana ratsa zoben nan ne kafin ta kai tumbi. Don haka ba abin mamaki ba ne da likitoci suka daɗe suna zargin cewa ɗigon abin ciki yana zarcewa cikin huhu yana ƙara masa rauni. Zargin yana da madogara, domin a 2008 wasu masu bincike a Amurka sun samu sinadarin narkar da abinci na tumbi a cikin majinar da aka zuƙo daga maƙogwaron mafi yawan bakwainin da ke kan na'urar numfashi, kuma ya fi yawa a jikin waɗanda daga baya suka samu BPD. Amma samun abu biyu tare bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, kuma abin da ya fi muhimmanci ga iyaye shi ne babu gwajin da ya nuna cewa maganin rage tsamin ciki yana gyara huhun waɗannan yara.

Haka zancen ɗaukewar numfashi yake. Uwar da ta yi makonni a ɗakin bakwaini ta saba da ƙarar na'ura idan numfashin ɗanta ya tsaya ko bugun zuciyarsa ya sauka, kuma da yake abin yakan faru bayan shan nono, sai kowa ya ɗora wa tumbuɗi. Da aka haɗa na'urar auna hawowar abin ciki da ta auna numfashi a jikin bakwaini 71, a wani bincike da aka wallafa a 2010, an samu cewa ƙasa da kashi 3 cikin 100 na waɗannan faɗuwa ne hawowa ta gabace su. Ainihin dalilin shi ne sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da numfashi bai gama ƙosawa ba, kuma maganinsa kafeyin ne, sinadarin nan da ke cikin gahawa, a ma'aunin da likita ya ƙayyade. Na sha jin kakanni suna cewa ina aka taɓa ba jinjiri gahawa, ai ko babba ƙwarnafi take sa shi, har su matsa wa uwa ta daina bayarwa. Su sani cewa a babban gwajin da aka wallafa a 2006, wanda ya ƙunshi bakwaini sama da 2,000 a ƙasashe da dama, kashi 36 cikin 100 na waɗanda aka ba kafeyin ne suka kai mako 36 suna bukatar oksijin, a kan kashi 47 na waɗanda ba a ba su ba. Yana cikin 'yan magungunan da aka tabbatar suna kare huhun bakwaini, kuma likita ne kaɗai ke da hurumin cewa a tsayar da shi. Ba sai na ce kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin izinin ɗiga wa jariri gahawar fulas ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Maganin tsamin ciki ba ya hana nono hawowa, tsamin kawai yake cirewa, alhali mun ga cewa yawancin abin da ke hawowa a jikin bakwaini ba shi da tsamin tun asali. Shi kuma tsamin Allah bai halicce shi a banza ba, shi ne ke kashe ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci kafin su wuce hanji. Idan aka kashe shi, ƙwayoyin sukan hayayyafa a tumbi, sannan idan ɗigon ya zarce huhu da su zai zarce. A 2006 wani bincike a kan jarirai sama da 11,000 masu nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa ƙasa a Amurka ya nuna alaƙa tsakanin magungunan dangin ranitidin da ciwon ruɓewar hanji, wanda ake rubutawa NEC, ciwon da ke iya kashe bakwaini cikin kwana ɗaya ko biyu. A 2012 wani bincike a Italiya a kan jarirai 274 ya samu cewa kashi 37 cikin 100 na waɗanda aka ba ranitidin sun kamu da ƙwayoyin cuta, a kan kusan kashi 10 na waɗanda ba a ba su ba, kuma ruɓewar hanji da mutuwa duk sun fi yawa a cikinsu. Ɗaya dangin magungunan, wato su omefirazol da lansofirazol, su ma an gwada su: a 2009 an raba jarirai 162 masu alamun da ake dangantawa da hawowar tsami gida biyu, aka ba rabi lansofirazol aka ba rabi abin da ba magani ba ne, sai kashi 54 cikin 100 suka samu sauƙi a kowane ɓangare, amma ciwon ƙirji mai tsanani ya fi yawa a ɓangaren masu maganin. A kan irin waɗannan hujjoji ne Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2018 tana cewa a taƙaita ba bakwaini waɗannan magunguna matuƙa, in ma za a ba su.

Ranitidin, wanda aka fi sani da Zantac, hukumar magunguna ta Amurka ta sa an janye shi daga kasuwa a watan Afrilun 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da ake zargi da haddasa ciwon daji, ƙasashe da yawa kuma sun yi haka. Duk wanda ke da ragowarsa a durowa ya zubar. Magungunan da ake cewa suna hanzarta saukar abinci su ma tarihinsu ba mai daɗi ba ne, domin an janye sisafirayid a 2000 saboda rikita bugun zuciya, a 2013 kuma hukumar magunguna ta Turai ta hana ba yaron da bai kai shekara ba metokulofiramid, wato Primperan, saboda yana sa ƙandarewa da karkarwar jiki, sannan domferidon, wato Motilium, shi ma an san yana iya taɓa bugun zuciya. Duk da haka ina ganin yadda ake fasa ƙwayar ƙwarnafin maigida a jiƙa a ɗiga wa jariri, ina kuma ganin yadda wata za ta ɗauki hoton kwalbar da aka rubuta wa ɗanta ta tura wa ƙanwarta a Kano ko Zinder, a ce a saya a ba mai tafiya, don wai maganin Saudiyya ya fi kyau. Maganin da aka rubuta wa wani yaro bisa nauyinsa da ciwonsa bai dace a mayar da shi tsaraba ba.

Dabara ta biyu ita ce kauraranta madara, ko da garin shinkafa na gwangwani, ko da kamu, ko da abin da ake sayarwa domin haka. Madara mai kauri tana rage abin da ake gani a kafaɗar uwa, wannan gaskiya ne, amma hanjin bakwaini bai shirya mata ba. A 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a ba jaririn da aka haifa kafin mako 37 wani abin kauraranta madara mai suna SimplyThick, bayan da aka samu jarirai da ruɓewar hanji, wasu ma bayan an sallame su gida. Ga kuma yaro mai raunin huhu da dama tsotso wahala yake ba shi, idan aka yi masa kauri sai ya gaji kafin ya ƙoshi, idan kuma aka faɗaɗa hudar bulumboti sai ya ƙware. Akwai yaran da likita zai ba madara mai kauri bayan ya gwada haɗiyarsu, amma wannan hukunci ne na asibiti.

Ta uku ita ce kwanciya, kuma a nan ya kamata mu ma'aikatan jinya mu riƙa yin bayani fiye da yadda ake yi. Uwa tana shigowa ɗakin bakwaini ta tarar an kifa ɗanta a kan cikinsa ko an kwantar da shi ta gefen hagu, an kuma ɗan ɗaga kan gadon, sai ta ɗauka haka ake so ta yi a gida. Gaskiya ne kifewa da gefen hagu suna rage hawowa, amma a can akwai na'ura maƙale a jikinsa da ma'aikaciya a tsaye dare da rana. A gida kifewa tana cikin manyan dalilan mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci, kuma bakwaini sun fi kowa shiga wannan haɗari. Tun da aka fara wayar da kai a Amurka a 1994 cewa a kwantar da jarirai rigingine, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Tsoron da kakanni ke yi, cewa zai yi tumbuɗi ya shaƙe idan yana rigingine, halittar wuya ta amsa shi, domin hanyar iska tana gaba ne, ta abinci tana bayanta, don haka idan yaro yana rigingine abin da ya hawo yakan koma ƙasa inda ya fito, idan kuwa a kife yake sai ya taru a bakin hanyar iska. Jingina shi da filo ko kwantar da shi a kujera mai gangare shi ma bai tsira ba, domin kansa mai nauyi yakan faɗo kan ƙirji ya toshe numfashi, jikinsa kuma ya naɗe ya matsa tumbi. A 2019 an janye irin wannan gadon gangare na Fisher-Price guda miliyan 4.7 daga kasuwa bayan mutuwar jarirai sama da 30. Abin da ake so shi ne shimfiɗa mai ƙwari, a miƙe, babu filo babu tarin barguna, a ɗakin da uwa take amma ba a katifarta ba. Kujerar mota wajibi ce a cikin mota, sai dai ba wurin barci ba ce a gida, kuma wanda zai yi doguwar tafiya irin ta Makka zuwa Madina da irin wannan yaro ya riƙa tsayawa yana fito da shi, wani babba kuma ya zauna kusa da shi yana kallon fuskarsa.

Abin da ke taimakawa ba shi da tsada. A rage yawan abin da ake ba shi a lokaci guda a ƙara yawan lokutan, da sharaɗin jimillar ta kullum ba ta ragu ba. A bar shi ya huta a tsakiyar sha, a sa shi gyatsa, a rungume shi a tsaye a ƙirji na minti 20 zuwa 30 bayan ya gama, muddin mai riƙon ba barci take ji ba. Kada a cire masa robar oksijin lokacin shan nono don wai tana damunsa, domin a lokacin ne ya fi bukatarta. Nonon uwa kuwa ya fi madarar gwangwani saurin barin tumbi, kuma shi ne babbar kariyar bakwaini daga ruɓewar hanji, saboda haka maganar nan da ake yi wa maijego cewa nononta ne ba shi da kyau tunda yaro ba ya riƙe shi, magana ce da ta raba yara da dama da abin da ya fi amfanarsu. Wani lokaci jikin yaro ne ba ya karɓar furotin ɗin madarar shanu, alamunsa kuma suna kama da na hawowar tsami, a nan likita yakan gwada canza madara, ko ya ce uwa ta ƙaurace wa madara da cuku na mako biyu zuwa huɗu a gani. Alƙalin duk wannan shi ne sikeli. Yaron da nauyinsa ke hawa yadda ake so, yana jiƙa ƙunzugu, numfashinsa bai canza ba, tumbuɗinsa aikin wanki ne kawai ya ƙara wa gida.

Ban ce babu yaran da hawowar ta zame musu ciwo na gaske ba. Akwai wanda nauyinsa ya tsaya, wanda ke ƙin nono yana banƙarewa da kuka, wanda ake ganin jini a abin da ya fitar, da wanda ke yawan komawa asibiti da ciwon ƙirji. Irin wannan bincike yake bukata, kuma sau da yawa akan gano cewa matsalar daga sama take, wato yaron bai iya daidaita tsotso da haɗiya da numfashi ba, aikin da ba ya kammaluwa sai wajen mako na 34 na ciki kuma yakan makara a jikin mai raunin huhu, don haka nonon yana zarcewa hanyar iska ne tun yana sauka. Ana gane wannan da hoton haɗiya, ana kuma auna hawowa da siririn waya da ake barinta a hanyar abinci na awa 24. Idan likita ya ga dacewar maganin tsami, yakan ba da shi ne na gwaji na mako huɗu zuwa takwas sannan a sake dubawa. Wasu akan zura musu roba ta wuce tumbi zuwa hanji, ko da yake wani ƙaramin gwaji da aka yi a Filadelfiya aka wallafa a 2020 a kan masu BPD mai tsanani bai nuna hakan ya rage faɗuwar oksijin ba, sai ma ɗan ƙaruwa. 'Yan kaɗan ne ake kai wa ga tiyatar da ake naɗe saman tumbi a kan hanyar abinci, wadda ake kira tiyatar Nissen.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su. Amai kore ko mai jini, amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane sha, kumburin ciki, jini a kashi, zazzaɓi ko sanyin jiki, sauyin launin leɓe da harshe zuwa shuɗi ko toka, lotsawar ƙasan ƙirji wajen jan numfashi, numfashi sau 60 ko fiye a minti ga wanda bai kai wata biyu ba ko sau 50 ga wanda ya haura, tsayawar numfashi, da yaron da ya yi laushi ya daina karɓar nono, duk waɗannan na asibiti ne a wannan sa'ar. A nan Saudiyya lambar motar gaggawa 997 ce, ta neman shawarar Ma'aikatar Lafiya kuma 937. Na san akwai 'yan'uwanmu da matsalar takardun zama ko ta kuɗi ke sa su jinkiri su fara da na gida, amma bakwaini mai raunin huhu ba shi da rarar ƙarfin da zai jira gari ya waye. Game da na gidan kuwa, beli ba shi ke kawo tumbuɗi ba kuma cire shi na iya jawo zubar jini da shaƙewa, zuma haramiyar yaro ce har ya cika shekara saboda ƙwayar cutar da ke shanye jiki, jiƙe-jiƙe da ruwan kanwa kuma suna cinye gurbin nono a cikin da dama ƙarami ne. Tofi da addu'a ba sa bukatar a ɗura masa komai.

Abin mamaki shi ne gidan da ake tashin hankali a kan cokali biyu na tumbuɗi shi ne za ka shiga ka tarar da kasko yana tashi. Mu mutanen turaren wuta ne, mun kuma zo ƙasar da ake ji da shi, ga 'yan'uwanmu na Sudan da nasu ya fi na kowa, kuma ɗakin maijego shi ne ɗakin da aka fi turarawa saboda masu zuwa barka. A ƙasar da zafi ke sa a rufe taga a kunna na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, hayaƙin gawayi da na turare ba shi da mafita, sai ya yi ta zagayawa yana shiga huhun da oksijin kansa ya yi wa rauni. Hayaƙi yana kumbura hanyoyin iska ya kawo tari, tari kuma ya kawo tumbuɗin da ake gudu, sai a ƙara magani, a bar kaskon. Haka sigari da shisha suke, ko da a falo ake sha, domin hayaƙin yana bin tufafi. Ga gidan da ke da tukunyar oksijin kuwa, garwashi kusa da ita haɗarin gobara ne ƙarara. Na san ba ƙaramin abu ba ne a ce wa uwar miji ta fitar da kasko, shi ya sa nake kira ga magidanta su ɗauke wa matansu wannan nauyi, su faɗa da bakinsu tun kafin a sallamo yaron.

Cunkoso ma haka. Kowa yana son a kai jaririnsa Harami da zarar an yi arba'in, kowa kuma yana son taron suna ya cika, amma murar da babba zai yi kwana uku ya warke, musamman ta ƙwayar RSV da ke yawaita lokacin sanyi, ita ce ke mayar da waɗannan yara kan na'ura. A jinkirta shiga taro da shi har likitansa ya yarda, mai mura ya yi barka ta waya, mai ɗauka ya wanke hannu, a bar sumbatar fuska. Akwai allurar kariya daga RSV da ake yi wa irin waɗannan yara, tsohuwar tun 1998 ana yinta wata-wata a lokacin cutar, sabuwar kuma sau ɗaya ake yinta a kakar, don haka iyaye su tambaya ko ɗansu ya cancanta, su kuma cika sauran rigakafinsa a kan lokaci bisa ranar haihuwarsa ta ainihi.

Yawancin kurakuran nan daga ranar sallama suke farawa, ranar da ake yi wa uwa bayani cikin sauri da Larabci ko Turanci, ta gyaɗa kai saboda kunya, ta fito da leda cike da kwalabe ba ta san na mene ne ba. Ina roƙon iyaye kada su bar asibiti sai an faɗa musu aikin kowane magani, da ranar da za a daina shi, da nauyin da ake sa ran yaron zai ƙara a kowane mako, kuma su tafi da wanda ke jin harshen sosai. Idan an sallamo yaro da maganin tsami, a tambayi likita a ziyara ta gaba ko har yanzu akwai bukatarsa, kada a tsayar da shi da ka, kada kuma a yi ta sabunta shi a kantin magani wata da watanni. Ina roƙon 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya masu jin Hausa, waɗanda Alhamdulillahi suna da yawa a asibitocin ƙasar nan, su riƙa leƙa ɗakin bakwaini idan sun ji akwai tamu a ciki. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka gayyato likitan jarirai ya yi wa masu karatu bayani a shafin lafiya a kan kula da yaron da aka sallamo da oksijin, domin a nan da gida Nijeriya da Nijar yawan bakwainin da ke rayuwa yana ƙaruwa, kuma iyayensu suna bukatar bayanin da harshensu.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Shara Mansur, Makka.